Shekarar da Rifkatu Ta Shiga Layin Hapsatu

Na sha jin ku kuna faɗa wa baƙi cewa rikici ne ya hana ni gama digirina na biyu. Ke Amina kikan ce jami'a aka rufe, shi kuwa Buba har ƙari yake yi, wai takarduna ne suka ɓace. Ban san inda kuka samo wannan ba. Babu abin da aka rufe, babu abin da ya ɓace. Ni na ajiye karatun nan da hannuna, ina cikin hankalina, kuma tun da yanzu na yi ritaya, ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa muku yadda aka yi kafin ku ƙara masa gishiri a gaban jikokina.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a Jimeta. Muna zaune a Alkalawa, gidan da kuka tashi, ni da babanku da ku da Goggo, ƙanwar mahaifinsa wadda ta rene shi. Asabar da Lahadi nake zuwa jami'a, Goggo ta riƙe ku, babanku ya kai ni ya ɗauko ni. Wata kwalejin horar da malamai ta yi mini alkawarin gurbin koyarwa idan na kawo shaidar kammalawa kafin shekarar karatu ta ƙare, kuma sun faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ba za su jira ni ba, akwai masu nema. Abin da ya rage mini shi ne bincike, a kan tambaya ɗaya: me ke sa ɗalibi ya dage da karatu? Ni dai a raina na riga na san amsa. A cikin garin Yola na girma, a gidan da mahaifina ba ya tambayar me ka koya, na nawa ka zo kawai yake tambaya. Na yi imani gasa ce ke tayar da yaro. Ka ce masa ga kyauta, ga sunansa a gaban asembuli, ka ga aiki.

Sai mutane suka fara zuwa. Damina na janyewa masu tayar da ƙayar baya suka ci garuruwan arewacin jihar nan ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka kwararo Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa da ƙullin kaya a ka. Kuna tuna zaurenmu cike da tabarmi, da yadda Goggo ta koma dafa tuwo a babbar tukunyar biki kullum. Makarantarmu aka raba biyu, yaranmu da safe, yaran da suka gudo da rana. Aka ba ni ajin ƙarshe na masu zuwa da rana, waɗanda za su rubuta jarrabawar fita a wannan shekarar. Ban taɓa koyar da aji mai shiru irinsa ba. In ƙofa ta bugu da iska, sai ka ga kafaɗu sun ɗaga gaba ɗaya.

Da wannan ajin da wani na safe na shirya bincikena. Zan ba su gwajin lissafi a farkon zango, in yi wa ajin rana alkawarin kyauta, ajin safe ban yi musu ba, sannan in sake gwada su a ƙarshen zango in ga wa ya fi motsawa. Kyautar jaka ce ta makaranta da takalmi, ga wanda ya zo na ɗaya. Farfesan da ke duba aikina ya kafa mini sharaɗi guda: dole shugaban makaranta ya sa hannu cewa an yi gwajin a kan ƙa'idar jarrabawa, kowa da takardarsa, ba mai taimakon wani. Shugaban namu Mista Bitrus ne, mutumin Numan, dogo, mai tsare gida, amma ba mugu ba ne. A shekarar an ja kunnen makarantarmu a kan satar amsa, an ce in aka sake kama mu za a hana mu zama cibiyar jarrabawa. Shi ya sa ya tsaya a asembuli ya ce duk wanda aka kama, a kowace irin jarrabawa, za a cire sunansa daga ta fita.

Rifkatu ce ta fi kowa a ajin rana. Siririya ce, 'yar wajen Michika, suna zaune da mahaifiyarta a gidan wani kawunta a Vinikilang, ƙetaren kogi. Kullum sai ta haye gada, a sauke su a shingen sojoji su taka, amma ban taɓa riga ta shiga aji ba. Na sa ido a kanta don na ɗauka ita ce za ta tabbatar mini da maganata. Takalminta ya tsinke an ɗaure da waya, littattafanta a leda take zuwa da su. Na ce a raina, wannan jaka da takalmin nan su suke ja ta. A benci na gabanta akwai Hapsatu, 'yar garinsu, wadda ba ta magana sai an matsa mata. Na ji daga bakin yara cewa a gabanta aka harbe yayanta.

Ranar gwajin ƙarshe a ajin rana, ina raba takardu na ga yaran duk a tsorace suke. Tausayi ya kama ni, sai na ce musu:

"Ku saki jikinku. Wannan ba jarrabawa ba ce, aiki ne kawai. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa."

An yi nisa da rubutu sai muka ji wata ƙara daga wajen kasuwa, har gilashin taga ya girgiza. Yara suka faɗa ƙarƙashin benci. Na ce kowa ya zauna inda yake, na fita bakin ƙofar makaranta in ji abin da ake ciki. Ashe tayar tirela ce ta fashe. Kafin in lallashi iyayen da suka fara taruwa in dawo, an ɗan jima. Ina shiga aji na tarar da Mista Bitrus a tsaye, ya zagayo duba yara, da takarda a hannunsa. Rifkatu tana zaune a bencin Hapsatu. Ita Hapsatu ta ƙame, biro a hannu, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Takardar ta Hapsatu ce, sama rubutunta, ƙasa rubutun Rifkatu. Rifkatu ta fara ne daga tambaya ta ƙarshe tana haurowa.

Mista Bitrus ya ce, "Me kike yi da takardar wata?"

Rifkatu ta miƙe, ko alamar tsoro babu, ta ce, "Sa, na gama nawa."

"Kin gama naki, sai aka ce ki yi nata?"

Ta dube ni, kamar ni ce zan yi masa bayani. Ni kuwa wallahi a wannan lokacin haushinta nake ji har wuya. Yarinya mai kai irin wannan, ta rasa abin da za ta yi sai ta jefa ni da kanta cikin masifa.

Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Na faɗa masa abin da na ce wa yaran kafin a fara. Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce:

"Malama, ranar Litinin kwamitin ladabtarwa zai zauna, kuma ke za a tambaya. Idan kin ce jarrabawa ce, to yarinyar ta yi satar amsa. A cire takardu biyun nan, in sa miki hannu a kan sauran, ita kuma sunanta ya fita daga jarrabawar fita. Idan kin ce ba jarrabawa ba ce, ba ta yi laifi ba, amma ni ba zan sa hannu in ce an yi a kan ƙa'ida ba. Ba zan rubuta magana biyu a kan rana ɗaya ba."

Na roƙe shi ya bari in sake gwajin. Ya ce ko ya bari, yaran sun riga sun ga tambayoyin, zango ya ƙare, kuma da an dawo hutu ajin nan jarrabawar fita zai shiga. Gaskiya ya faɗa. Na kira Farfesa, shi ma abin da ya ce ke nan: babu sa hannu, sai in sake daga farko da sabon aji a shekara mai zuwa. Kwaleji kuwa ta riga ta ce ba ta jira.

Da na faɗa a gida, babanku bai ga abin tunani a ciki ba. Kun san shi, mutumin kirki ne amma ba ya son a ɓata shiri. Ya riga ya gama faɗa wa abokan aikinsa a sakatariya cewa matarsa za ta koma koyarwa a kwaleji.

"Ke kika ce ta ɗauki takardar wata? Yarinya ta kai ajin ƙarshe ba ta san ba a yi wa wani rubutu ba? Ta sake badi mana."

Na ce masa waɗannan yaran ba su da badi. Alfarma aka yi aka sa sunayensu a cibiyarmu, wanda ya fita ya fita ke nan.

Goggo tana gefe tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni ban san boko ba. Amma ke da bakinki kin ce musu ba jarrabawa ba ce, ko ba ki ce ba?"

"Na ce, Goggo. Amma don in kwantar musu da hankali ne."

"To," in ji ta, ta ci gaba da wakenta.

Wannan "to" ɗin ya hana ni sakat. Duk da haka ban yanke ba. Ina so in ji daga bakin yarinyar, don har lokacin ina zargin ko dai wayo ne. Ranar Asabar na hau keke mai ƙafa uku zuwa Vinikilang. A gidan kawunta aka ce suna fadama, lokacin yankan masakwa ne, dawar nan ta rani, sun je aikin gayya a gonar wani maƙwabci da ya taimake su da suka zo. Wani dattijo ya nuna mini hanya. Na iske mata sun jeru, kowace da layinta, suna yanke zangarniya suna jefawa a kwando. Na tsaya a inuwar wata bishiya ina jira su kai ƙarshe, don ba na son in katse musu aiki. Wata mata mai ƙarfi ta riga kowa fita. Na ɗauka za ta zo inuwa ta sha ruwa. Ko tsayawa ba ta yi ba, sai ta duba baya, ta ga wata tsohuwa da ke tsakiyar gona, ta shiga layin tsohuwar daga wancan bakin tana yankowa har suka haɗu. Ta biyu ta fita, ita ma haka. Ba wanda ya ce da wani komai, ba wanda ya gode wa wani. Sai da layi na ƙarshe ya ƙare suka fito tare suka nufo inuwa. Abin da na gani a takardar Hapsatu ke nan, daga ƙasa zuwa sama.

Matar da ta fara fita ita ce mahaifiyar Rifkatu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce yarinyar ta faɗa mata an yi fushi a makaranta amma ba ta gane laifin ba.

"Malama, a wurinmu in an ce aiki, wanda ya gama ba ya zama. Abin kunya ne ka fita gona ka bar mutum a ciki. Tun suna ƙanana haka muke koya musu."

Na ja Rifkatu gefe. Na tambaye ta ko ba ta san dokar jarrabawa ba. Ta ce ta sani, a jarrabawa ko waiwaye ba ta yi, amma ni na ce aiki ne. Na ce to jakar fa da takalmin, ba ta tsoron in ta ba wata amsa wata ta riga ta? Ta dube ni da mamaki. Ashe ta ma manta da zancen kyautar. Sai na yi mata tambayar da na shekara biyu ina neman amsarta a littattafai. Na ce to me ke sa ki haye gadar nan kullum cikin rana, da takalmi ɗaure da waya?

Ta ce, "Hapsatu ba ya iya wuce shinge na soja shi kaɗai. In ban je ba, ba zai je ba. Kuma in na koya da kyau, da dare ina koya masa."

Haka take Hausarta, mace da namiji duk ɗaya. Na ce mata amma ai kin san hatsarin da kika shiga, za a iya hana ki jarrabawar fita. Ta murza ganyen dawa a hannu. Sannan ta faɗa mini abin da ko mahaifiyarta ba ta ambata ba. Ranar da suka gudu ta kan duwatsu, ita ce take riƙe da hannun kakarta. Tsohuwar ta gaji ta zauna a gindin wani dutse ta ce su je. Rifkatu ta ƙi saki, sai da babanta ya ɓanɓare yatsunta ya ja ta. Har ranar nan ba su ji labarin tsohuwar ba.

"Malama, na riga na bar mutum ɗaya a hanya. Da ƙaran nan ya tashi na ga Hapsatu ya tsaya, ban iya zama ba."

Na dawo gida a keke ina kuka, mai keken yana ta satar kallona ta madubi. Ba tausayi kaɗai ba ne. Na ji yarinyar nan ta buɗe mini wata ƙofa da ban san tana nan ba. Shekara da shekaru ina koyarwa, ina jera yara daga na ɗaya zuwa na kashin baya, ban taɓa tunanin akwai yaron da abin da ke tayar da shi daga tabarma shi ne wani yaron ba.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna a ɗakin malamai. Mista Bitrus ya tambaye ni a gaban kowa. Na ce ba jarrabawa ba ce, ni na faɗa musu haka da bakina, ajin gaba ɗaya shaida ne. Wata abokiyar aikina ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Mista Bitrus ya dube ni ya ce ko na san abin da wannan ke nufi ga karatuna. Na ce na sani. Ya rubuta, aka tashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Allah ya saka miki, Malama," amma hannu dai bai sa ba, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kwaleji ta ɗauki wani. Babanku ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ya daina zancena a sakatariya. Na yi niyyar sakewa da sabon aji, amma da shekara ta zagayo sai na ga ban ƙara yarda da tambayar yadda na tsara ta ba, Farfesa kuma bai yarda in canza ba, Goggo ta kwanta ciwon da ya zama ajalinta, sai abin ya bi ruwa. Akwai ranakun da na wuce ta gaban kwalejin nan na ji zuciyata ta yi nauyi, har yau ma nakan ji. A sakandare na ƙare aikina. Sai dai daga wannan shekarar na daina karanta na ɗaya da na ƙarshe a ajina. Nakan haɗa su biyu-biyu in ce ba wanda ya gama sai abokinsa ya gama, amma ba ruwan mai sauri da biron mai nawa, da baki zai yi bayani. Wasu iyaye sun yi ƙorafi, wasu malamai sun ce na lalata yara. Ni dai na san yawan waɗanda suka daina guje wa ajin lissafi.

Rifkatu ta ci jarrabawarta, yanzu tana koyarwa a wata firamare a garinsu tun da mutane suka koma. Hapsatu ba ta ci lissafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ta rubuta, kuma wannan shi nake so ku sani.

Kafin ranar jarrabawar fita na kira Rifkatu na ja mata kunne sosai. Na ce wannan karon jarrabawa ce ta gaske, da masu sa ido daga waje, in ta kuskura ta waiwaya babu mai cetonta. Ta ce ta ji. Ranar lissafi ina cikin malaman da ke raba ƙarin takarda a babban ɗaki, zafin Yola kamar a gasa mutum, fanka ba wuta. An zaunar da su bisa lamba, Hapsatu ta faɗo layin da ke kusa da na Rifkatu, ɗan baya kaɗan. Da sauran lokaci mai yawa Rifkatu ta ajiye biro. Masu gamawa suka fara miƙa takardu suna fita shan iska, ɗaki yana ta raguwa. Ita ta kife takardarta, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, ta kafa wa allo ido. Hapsatu tana can tana fama, ta rubuta ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi bayan Rifkatu, ta sake sunkuyawa.

Mai sa idon, wani baƙo da ba mu sani ba, ya lura. Ya zo ya tsaya a kan Rifkatu.

"Kin gama?"

"Na gama, sa."

"To kawo takardar ki fita."

Ba ta ɗago ba, hannuwanta na nan inda suke, gumi yana bin wuyanta. Ta ce, "Sa, an hana zama ne?"

Ya juyo ya dube ni. Na ce masa doka ba ta hana ba. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Haka ta zauna har ɗakin ya koma saura su biyu da mu, ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Da aka buga ƙararrawa Hapsatu ta ajiye biro, sannan Rifkatu ta zaro hannuwanta, sun mutu don nauyi har ta kasa ɗaukar takardarta, sai Hapsatu ce ta ɗauka ta miƙa wa mai sa idon duka biyun.